Tambayi Likita: Za Mu Shiga Jirgin Ruwan Shaƙatawa Da Ƙananan Yara

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu guda. Manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa da ke tashi daga Dubai, Jidda, Durban da Basalona sun fara shiga idon mutanenmu, iyalai na haɗa kuɗi su kwashi yara su yi kwana huɗu ko bakwai a kan teku. Abu ɗaya nake so kowa ya riƙe kafin mu shiga tambayoyin. A cikin jirgin akwai likita da nas-nas da ɗakin duba marasa lafiya, amma ƙaramin asibiti ne, na kuɗi ne, kuma in jirgi ya yi nisa da gaɓa babban asibiti zai iya zama tafiyar yini guda.

Likita, jaririnmu yana da wata biyar, wata mai zuwa muke son tashi daga Dubai. Ƙanwar matata ma za ta bi mu, tana da cikin wata biyar. Akwai matsala? (Wani magidanci daga Kano)

Alhaji, ɗauko kalanda ka ƙirga kwanaki kafin ka biya ko sisi. Yawancin kamfanonin ba sa ɗaukar jaririn da bai cika wata 6 ba a ranar tashi, in kuma tafiyar ta ƙetare babban teku ce, ko akwai kwana uku a jere ba a tsaya a wata tasha ba, wasu kamar Royal Caribbean sai yaro ya cika shekara. Ranar haihuwar da ke fasfo suke dubawa, ko da kwana ɗaya ya gaza za a mayar da ku daga bakin jirgi.

Ita kuwa ƙanwar maiɗakinka, ina ganin ta haƙura. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce mai ciki ba za ta shiga ba in cikinta zai kai mako 24 kafin a sauka. Cikin wata biyar yau, wata mai zuwa ya kai ko ya wuce. Dalilin ba ƙeta ba ne: in naƙuda ta taso a tsakiyar teku babu kwalbar da za a sa bakwaini, babu likitan jarirai, babu tiyatar haihuwa.

'Yata mai shekara 7 ko daga Kaduna zuwa Zariya sai ta yi amai a mota. Ƙaninta shekara ɗaya da rabi. Maƙwabciyata ta ce in sayi Phenergan in riƙa ba su duka biyun. Me ka gani? (Wata uwa daga Kaduna)

Hajiya, bari in fara da abin da ya fi tayar mini da hankali. Kada ki ba ɗan shekara ɗaya da rabi Phenergan. Sunan maganin na asali promethazine, kuma an hana ba wa yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi har yaro ya wuce cikin barci. Na sha ganin iyaye sun ɗura wa jariri shi don ya yi shiru a doguwar tafiya, su ce ai a kemis aka ba su. Ba mugunta ba ce, rashin sani ne, amma haɗarin ɗaya ne. Shi ƙaramin ma da wuya ya buƙaci komai, yaran da ba su kai shekara biyu ba ba kasafai jirin tafiya ke kama su ba. Yayarsa ce ke tsakiyar shekarun da abin ya fi tsanani, wato daga shekara 2 zuwa 12.

Yadda abin yake: can cikin kunne akwai wasu ƙananan bututu masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko jiki na motsi. Yarinya na zaune a ɗakin jirgi, ido na ganin bango da gado a tsaye cak, kunne kuwa na cewa ana lilo. Saɓanin labarin nan biyu shi ke kawo tashin zuciya, gumi mai sanyi, miyau ya cika baki, sai amai. Maganin farko shi ne a sasanta ido da kunne. Ki fito da ita sarari ta kalli can nesa inda ruwa ya haɗu da sama, iska ta buge ta. A karɓe waya da littafi. In tana son kwanciya ta kwanta ta rufe ido, kai a wuri ɗaya.

Zaɓen ɗaki ma magani ne. Ki nemi na tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa. Goshin jirgi da bayansa da saman bene su suka fi lilo, kamar dai kujerar baya a motar haya. Abin da zai kwantar miki da hankali, manyan jiragen suna da wasu fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, yara da yawa masu amai a mota suna yin tafiyar lafiya lau, kuma jiki kan saba bayan kwana ɗaya ko biyu. Inda aka fi shan wahala shi ne ƙaramin kwalekwalen da ke kai mutane gaɓa a tashar da babban jirgi ba ya iya matsawa.

Abinci kaɗan-kaɗan, kada ciki ya zama wayam, kada kuma a cika shi da soye-soye. Biskit marar mai, tuffa, shayin citta, duk suna taimaka wa wasu. In sai an sha magani, 'yar shekara 7 za ta iya shan dimenhydrinate ko cinnarizine da aka fi sani da Stugeron, wanda ake bayarwa daga shekara 5. Likitanta ya auna mata, a sha kafin jirgi ya tashi, don bayan amai ya fara ƙwaya ba ta zama a ciki. Ki gwada shi a gida sau ɗaya tukuna. Wasu yaran barci yake sa su, wasu kuma akasin haka, su kwana suna tsalle a kan gado. Filastar da manya ke mannawa a bayan kunne ba ta ƙananan yara ba ce.

Ɗana mai shekara 6 sikila ne. Za mu tashi daga Durban zuwa tsibiran Mozambik. Mahaifinsa ya ce kada mu ware shi daga 'yan'uwansa, ni kuma gabana na faɗuwa. (Wata uwa daga Abuja)

'Yar'uwa, ku biyun kuna da gaskiya. Ba zan ce a bar shi a gida ba, amma ba ni zan ba da izini ba, likitan da ke duba shi ne, bayan ya auna jininsa mako biyu zuwa huɗu kafin tafiya. In an kwantar da shi kwanan nan, ko ya taɓa yin ciwon ƙirji mai tsanani irin na sikila, ko ana yawan yi masa ƙarin jini, shawarata ku canza hutun zuwa na tudu, kusa da babban asibiti. A jirgi za a iya sa masa ruwa, a ba shi iskar oksijin da allurar kashe ciwo. Ma'ajiyar jini ce babu. In ana buƙatar ƙarin jini sai an kai gaɓa, jirgi mai saukar ungulu kuma ba ko'ina yake iya kaiwa ba.

In likita ya amince, ga abokan gabarsa a jirgi: ƙishirwa, sanyi da gajiya. Yaro na wasa a rana, iskar teku na busar da gumi, ba ya jin ƙishi sai ƙashi ya fara sara. Gorar ruwa ta zama a hannunsa, ki riƙa duba fitsarinsa, in ya yi duhu ruwa bai isa ba. Ɗakunan jirgi da wurin cin abinci sanyin na'ura ne kamar hunturun Jos, ki riƙe masa rigar sanyi da safa. In ya shiga ruwa kada ya daɗe, yana fitowa a goge shi a canza masa kaya nan take, kada ya tsaya a jiƙe iska na kaɗa shi. Zazzaɓin da ya kai digiri 38, ciwon ƙirji, haki, ciki ya kumbura ko ido ya yi fari fat, a tafi wurin likitan jirgi ko ƙarfe biyun dare ne.

Magungunansa, folic acid, hydroxyurea in yana sha, da sauran, su kasance a jakar hannu cikin kwalinsu na asali, da rarar mako guda, da takardar likita da Turanci mai ɗauke da rukunin jininsa da adadin jinin da ya saba zama a kai. Manyan akwatuna sukan yi awanni kafin a kawo su ɗaki ranar farko. Inshorar tafiya kuma ki faɗa musu ƙarara cewa sikila ne, ki tabbatar ta haɗa da jinya a jirgi da ɗauke marar lafiya zuwa tudu. In kin ɓoye, ranar biya za su zame.

Biyu na ƙarshe. Afirka ta Kudu na neman katin allurar shawara daga duk wanda ya fito daga Najeriya in ya kai shekara ɗaya, katin kuma ba ya aiki sai allurar ta kwana 10. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Mozambik kuma ƙasar maleriya ce, kada a dakatar da maganin rigakafinsa.

Na ji ana cewa amai da gudawa na yaɗuwa a jiragen nan. Yarana uku, babban shekara 5. (Wata 'yar'uwa mazauniyar Landan)

Gaskiya ne, sunan ƙwayar cutar norobairos. Ba a jirgi kaɗai take ba, tana makarantu da asibitoci, sai dai mutum dubu uku ko biyar da ke taɓa cokalin zuba abinci ɗaya da maɓallin lif ɗaya sun ba ta kasuwa. Tana bayyana awa 12 zuwa 48 bayan an ɗauka, ta yi kwana ɗaya zuwa uku. Abin da mutane ba su sani ba, man goge hannu mai sinadarin barasa da ake ajiyewa a ƙofar wurin cin abinci ba ya kashe ta sosai. Sabulu da ruwa, daƙiƙa 20, kafin ci da bayan bayan-gida da bayan canza famfas.

Ki tafi da ƙullin ORS, ruwan gishiri da sukarin nan, da ƙwayar zinc. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, mai shekara 2 zuwa 10 kuma 100 zuwa 200. In yana amai a jira minti goma a ci gaba da cokali-cokali. Mai shan nono ya ci gaba da sha. Flagyl da sauran magungunan kashe bakteriya ba su da aiki a nan, maganin tsayar da gudawa na manya kuma bai dace da ƙananan yara ba. Ido ya faɗa, baki ya bushe, kuka babu hawaye, awa shida zuwa takwas babu fitsari, yaro ya yi laushi: wannan na ƙarin ruwa ne. Ki sanar da ma'aikata tun amai na farko. Za su ce ku zauna a ɗaki na ɗan lokaci, a kawo muku abinci. Ba daɗi, na sani, amma jaririn wata uwa na maƙwabtaka da ku.

Tunda kina Ingila, duba littafin rigakafinsu ko allurar ƙyanda ta cika. Ƙarambau ma yana yawan ɓulla a jiragen ruwa.

Ɗana zai tafi da jikokina, 'yan shekara 2 da 4, ya ce ɗakinsu har da baranda a kan teku. Ni tsoron faɗawa ruwa ya hana ni barci. (Wata kaka daga Maraɗi)

Mama, Allah ya kiyaye. Shingen jirgi ya haura mita ɗaya, yaron da ke tsaye a ƙasa ba zai faɗa ba. Matsalar kujera ce da teburin da ke barandar, ɗan shekara 4 zai ja ya taka cikin ƙiftawar ido. Ki ce wa ɗanki ƙofar baranda ta zauna a kulle da makullin sama, yaro ba ya fita sai da babba, kuma kada a ɗora shi a kan shinge don hoto.

Amma ni wurin ninƙaya na cikin jirgin ya fi ba ni tsoro a kan teku. Yaro ba ya ihu in yana nutsewa, shiru yake yi, ƙasa da minti ɗaya ya isa, ga kiɗa na tashi, ga mutane cunkus kowa na zaton wani na kallo. Ba kowane jirgi ke da mai gadin ruwa ba. Iyayen su raba aiki da baki: yanzu kai ne, waya a aljihu, yaro inda hannu zai kai. Mai famfas ba a barinsa shiga babban wurin ninƙaya, sai wurin wasan ruwa na jarirai in jirgin na da shi. Kwamin ruwan zafi kuma ba na 'yan ƙasa da shekara 5 ba ne. Ranar farko akwai atisayen gaggawa da doka ta wajabta, wanda aka ƙara tsaurarawa bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar Italiya a 2012, inda mutum 32 suka rasu. Su je, su san wurin taruwarsu, su nemi rigar ceto daidai jikin kowane yaro.

In yaro ya yi zazzaɓi a jirgi fa? (Wani uba daga Sakkwato)

Malam, ka ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa, miligiram 15 ga kowane kilo, kada ya wuce sau huɗu a yini, sannan ka kai shi wurin likita. Kalmar farko da za ka faɗa masa ita ce daga inda kuka fito. Maleriya kan ɗauki kwana 7 zuwa 30 kafin ta nuna, sauron Sakkwato zai iya cizon yaro ranar da ake haɗa kaya, zazzaɓin ya tashi a gaɓar Italiya. Likitan da ya saba da mura da kunar rana ba lallai maleriya ta zo masa a rai ba, kai za ka ce a gwada. Kafin ku tashi ka roƙi likitanku ya rubuta muku abin gwajin maleriya na gaggawa da maganin artemether-lumefantrine daidai nauyin kowane yaro, ka haɗa da ma'aunin zafin jiki a jakar hannu.