Amsar tambayarka kan aikin ranar Juma'a

Yaro, na ga saƙonka tun jiya. Ka ce an kira ka ka riƙe sauti a wurin ɗaukar shirin barkwanci na talabijin, irin wanda ake tara jama'a ana hira ana dariya, wai wane makirufo za ka sa wa mai gabatarwa da baƙinsa. Haba, shekara uku kana shagona a Nima, nan Ankara ta Gana, kake min wannan tambaya? Na kwala za ka maƙala musu mana, da sabon batir, ko yaron da ke jan waya a gidan biki ya san haka.

Abin da ya kamata ka tambaya shi ne 'yan kallo da kuma wuta. A irin wannan shiri dariyar jama'a ita ce hajar. Baƙo in ya yi tuntuɓen harshe sai a ce ya maimaita, amma mutum ɗari biyu ba sa dariya sau biyu kan magana ɗaya, ta biyun da ka ji ka san ta dole ce. Ka rataya makirufo biyu saman kawunansu nesa da sifika, ka ba su layinsu daban a miksa, wato na'urar haɗa sauti.

Wuta kuwa, hmm. A 2015, lokacin da dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya yi tsanani, wuta ta tafi awa 24 ta dawo awa 12, wani furodusa ya zo har shago da baƙin gilashi yana ta ce min Alhaji, alhali lokacin ko fasfo ban yi ba, ya ce sabon shiri zai fara kuma ni kaɗai ya yarda da hannuna a duk Ankara. Daɗin baki ya ɗebe ni. Ban karɓi ko pesuwa ba, ban sa ya rubuta komai ba, na loda miksata mai layi 16 wadda sai da na sayar da babur ɗina kafin na mallake ta. Sitabilaizata tana wurin gyara, na tambaye shi maganar janareta ya ce masta babu wahala, sabo ne dal.

Jama'a sun cika tun ƙarfe 4, wasu daga Mamobi wasu tun daga Ashaiman a motar haya ta tirotiro, aka raba musu piya wata suna ta fifita da takarda har wajen 7. Da aka fara kuwa shiri ya yi daɗi, wallahi ban taɓa kama dariya irin ta daren nan ba. Akwai wata uwa a layin gaba da ɗankwali ruwan goro, in ta ƙyalƙyale sai duk zauren ya kama, ina kallon fitilun miksa suna hawa suna sauka tsaf babu wadda ta taɓa ja. Minti wajen 40 muna haka sai wuta ta ɗauke. Yaron janareta ya tayar, bai bari injin ya daidaita ba ya buga canji, ashe fitilun dandali da esi da kayan sautina duk a layi ɗaya suka haɗa. Ƙara ɗaya na ji, ɗas, sai ƙauri. Har yau in na ji ƙaurin waya sai gabana ya faɗi.

Washegari na kai miksar Zongo Lane, mai gyara ya buɗe ya duba ya mayar da murfi bai ce komai ba. Na je wurin furodusa, mutumin da ke ce min Alhaji ya koma cewa kai malam, wai ni na ɓata masa shiri, ma in gode Allah bai kai ni ƙara ba. Bayan sati biyu ina zaune a gida sai ga shirin a talabijin, sautina ne wanda na riga na tura wa kyamararsu, ga dariyar uwar nan ina ji, sauran kuma suka cike da dariyar kwamfuta. A ƙarshe da sunaye suka fito, sunan ɗan yayarsa aka sa a mai sauti. Wannan ya fi ƙonewar miksar yi min ciwo, shekara ɗaya da rabi ina haya a hannun yaran da ni na koya musu aiki.

To ka ji. Rabin kuɗi ya shigo momo ɗinka, wato asusun kuɗinka na waya, kafin ka ɗaga ko waya ɗaya. In ka isa ka sa mita a soket da hannunka, bolt 230 ake nema, in tana yawo sama da ƙasa kada ka jona komai ko da furodusa zai yi kuka. Layinka daban da na fitilu. Kuma ku yaran yanzu, kun kalli bidiyo biyu a YouTube kun zama injiniyoyi, ana aiki kuna neman ɗaukar hoto da ɗan barkwanci. Kai ba kallo ka je ba, abin ji yana kunnenka, kowa na dariya kai kana sauraron ko akwai gurnani a layi.

Ka biyo ranar Alhamis bayan la'asar ka ɗauki sitabilaiza da mita. In an tashi, kai da kanka za ka cire makirufo daga jikin baƙi ka ƙirga, don suna tafiya da su gida a aljihu.