Amsa: De La Soul ba su samu yabon da ya kamace su ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ana ba ƙungiyar mawaƙan De La Soul girman da suka cancanta a tarihin hip-hop. Ni dai a ganina ba a ba su ba, kuma ba don sun gaza ba ne.

Samari uku ne daga Amityville a jihar New York ta Amurka: Posdnuos da Trugoy da Maseo. Kundinsu na farko ya fito a 1989. Prince Paul ne ya haɗa kiɗan, ya cika shi da gutsattsarin tsofaffin waƙoƙin wasu mawaƙa. Wannan salon ne ya ɗaukaka su, shi ne kuma ya zame musu ƙarfen ƙafa. Izinin amfani da waɗannan gutsattsarin da aka samu a zamanin kaset da faifai bai haɗa da intanet ba, ga kuma rigimar rabon kuɗi tsakaninsu da Tommy Boy, kamfanin da ya fitar da waƙoƙinsu. Haka kundayensu shida na farko suka yi shekara da shekaru babu su a Spotify. To, yaron da ya tashi da waya a hannu, a ina zai ji su balle ya yaba?

Ko lambar yabon waƙa ta Grammy da suka ci a 2006, a matsayin baƙi ne a waƙar ƙungiyar Gorillaz.

Sai da kamfanin Reservoir ya sayi Tommy Boy a 2021 aka warware matsalar, waƙoƙin suka hau intanet ranar 3 ga Maris 2023. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Trugoy ya rasu ranar 12 ga Fabrairu 2023, bai ga wannan rana ba.