Mai jawo ciniki: a sa masa albashi ko a ba shi la'ada?

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Ƙanena da ke aiki a Amurka ya ce abin da shagona ya rasa shi ne "rainmaker". Ga kuma wani yaro mai farin jini wajen 'yan sari na Maraɗi da Damagaram yana son ya dawo wurina, amma ya ce sai na yanka masa albashi mai tsoka. Me ƙanen nawa yake nufi, kuma in ɗauki yaron?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Asalin kalmar tana nufin mutumin da ake cewa yana saukar da ruwan sama lokacin fari. Mu dai mun san ruwa na Allah ne, iyakarmu mu fita sallar roƙon ruwa. Amma a Amurka an yi waɗanda suka mai da abin sana'a. A ƙarshen 1915 majalisar birnin San Diego ta yi wa wani Charles Hatfield alkawarin dala 10,000 idan ya cika madatsar ruwa ta Morena. Ya kafa hasumiyarsa, ya yi ta turara magungunansa. A Janairun 1916 aka tafka ruwa har wata madatsa ta ɓalle, gadoji suka tafi, aka rasa rayuka. Da ya zo karɓar kuɗi sai aka ce ya fara ɗaukar nauyin ɓarnar tukuna. Babu rubutacciyar yarjejeniya, bai samu ko sisi ba.

A bakin 'yan kasuwa kuwa, musamman kamfanonin lauyoyi da manyan bankunan Amurka, ana kiran mutum da wannan suna ne idan shi ke jawo manyan kwastomomi. Wataƙila ma bai fi abokan aikinsa ƙwarewa ba, amma shi ya san mutane, shi ake ɗaga wa waya. Yaronka ke nan.

Ka ɗauke shi, amma ban goyi bayan albashi mai tsoka ba. Albashi kana biya ne ko an yi ciniki ko an wuni ana korar ƙuda. Ka sa masa ɗan abin da zai riƙe kansa, sauran ya zama la'ada, kuma a kan kuɗin da ya shigo aljihunka. Ɗan sari zai iya ɗibar dila biyar bashi, yaro ya karɓi la'adarsa ran nan, kai kuma ka kwashe wata huɗu kana bin kuɗinka a waya. Ku rubuta wa ke da ikon ba da bashi, har zuwa nawa, da abin da za a yi idan bashin ya maƙale. A sa hannu gaban shaidu biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne, yadda zai kwaso kwastomomin tsohon maigidansa ya kawo maka, haka zai iya kwashe su ya kai wani layi gobe. Don haka duk wanda ya kawo, kai ma ka gaisa da shi, ka sa a kawo masa ruwa, lambarsa ta shiga littafin shago, kuɗi kuma su shiga asusun shago kai tsaye. Kafin nan, ka je ka sami tsohon maigidan nasa ka ji yadda suka rabu.