Tauraron ɗan Adam da jiran mota a Legas: amsar tambayoyinku

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar kayan gwari a kasuwar Mile 12. Sau da yawa ina tsaye a tasha ban san ko mota na kusa ba, alhali idan na kira Bolt ina kallon motar tana tahowa a taswirar wayata. Me ya hana a yi wa motocin bas haka?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Ta fuskar fasaha babu abin da ya hana. Taurarin GPS na Amurka, wato taurarin ɗan Adam masu taimaka wa na'ura gane wurin da take, waɗanda ba su gaza 24 ba, suna shawagi ne a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana watso lokaci da inda yake, ba dare ba rana. Duk na'urar da ta kama sigina daga huɗu a cikinsu za ta lissafa wurin da take. Tauraron ba ya ganin motar, na'urar ce ke sauraronsa. Shi ya sa sai an sa mata layin waya, ta riƙa aika wa ɗakin masu kula da zirga-zirga inda ta kai, daga can a lissafa mintocin da suka rage ta iso tasharka.

Lissafin ya fi yin daidai a kan motar da ke da nata titi. BRT, wato manyan bas masu bin layinsu na musamman, da aka fara a watan Maris na 2008 tsakanin Mile 12 da tashar CMS irin wannan ce, haka ma jirgin ƙasa na Blue Line da ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Marina da Mile 2 a 2023. Amfanin kuma ya wuce sanar da fasinja. Ka san yadda ake daɗewa babu mota, can sai uku su iso a jere, ta ƙarshe kusan wayam? Mai kallon taswira zai iya tsayar da ɗaya ta ɗan jira, tazara ta daidaita.

Danfo, wato ƙaramar bas ta haya, ita ce mai wuyar sha'ani, kuma ita talaka ya fi hawa. Direba ba ya tashi sai ta cika, in ya hango cunkoso ya sauya hanya. Tauraro zai nuna maka inda take, amma ba shi da labarin abin da ke ran direba. A ganina, abin da ya kamata LAMATA, hukumar sufuri ta Legas, ta fi ba muhimmanci shi ne allon sanarwa a kowace babbar tasha. Dattijuwar da ke riƙe da ƙaramar waya a Agege ita ma tana da haƙƙin sanin yaushe mota za ta zo, kuma wannan batu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Tambaya: Malam, ni uwa ce a Idi-Araba. Ɗana ya ce kunna GPS ne ke cinye mini data. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, siginar tauraro kyauta ce. Hoton taswira da bayanin cunkoso su ne ke cin data. Idan kin samu Wi-Fi, ki sauke taswirar Legas a Google Maps, za ta yi miki jagora ko babu intanet. Sai dai ba za ki ga launin ja da kore masu nuna cunkoso ko rashinsa ba, domin daga saurin tafiyar wayoyin da ke kan titin a lokacin ake samo su. Kafin ki hau gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, ki kunna data ko na minti ɗaya ki duba, don in an hau da wuya a juya. Batiri kam yana sha, ki tafi da caja.

Tambaya: Ni direban tasi ne. A Marina da ƙarƙashin gadar Ojuelegba sai alamar motata a taswira ta riƙa tsalle, har fasinja ya kasa gano ni.

Amsa: Ɗan'uwa, wayarka lafiyarta ƙalau. Dogayen gine-gine na karkatar da siginar kafin ta iso, gada kuma tana tare ta. Ka bar Wi-Fi a kunne ko ba ka haɗa da kowa ba, yana taimaka wa wayar gane wurin. Ka ɗora ta kusa da gilashin gaba, sannan ka matsa fili kafin ka kira fasinjan.