Da Me Ake Kwaikwayon Kayan Kiɗan da Suka Ruɓe Tun Shekaru 700?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne, mahaifina kuma masassaƙi. Na ga hotunan wasu kayan kiɗa masu tsirkiya, an ce irin na mutanen Turai ne na shekaru 700 da suka wuce, amma ga su sababbi fil. In na asalin sun ruɓe, me masu yin su ke kallo? Kuma mai hannu irin nawa zai iya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka taɓo inda gizo ke saƙa. Kayan kiɗan katako da suka tsira daga wancan zamani ba su taka kara sun karya ba, kuma waɗanda suka tsiran ma akwai magana a kansu. Akwai wani mai suna citole a gidan tarihi na British Museum da ke Landan, an sassaƙa shi wajen shekarar 1300 daga gungume guda, an yi masa zanen ganyaye da maharba. Amma a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya aka sauya masa fuska aka mai da shi goge irin na Turawa. Jikin na asali ne, muryar kuwa ta tafi.

Don haka sai a koma ga dutse da takarda. A ƙofar babban cocin Santiago de Compostela a Sifaniya, wadda aka kammala a 1188, an sassaƙa dattawa 24, yawancinsu riƙe da kayan kiɗa. Biyu na tsakiya sun ɗora wani dogon abu a cinyoyinsu, ɗaya na murza hannu, ɗaya na jan maɓallai. Akwai kuma littafin waƙoƙin Cantigas de Santa Maria na Sarki Alfonso na Goma, wanda ya yi mulki daga 1252 zuwa 1284, cike da zanen makaɗa. Wajen 1280 wani malamin coci a Faris, Jerome na Moravia, ya rubuta yadda ake saita gogen da ke da tsirkiya biyar.

To amma a nan ake gane gwani. Mai sassaƙa dutse ba makaɗi yake yi wa aiki ba. Yakan kaurara wuyan abin kiɗa don kada dutsen ya ɓalle, mai zane kuma yakan ja tsirkiya uku ko huɗu gwargwadon filin da ya samu. Kuma babu hoton da zai nuna maka ciki. Wanda ya kwafi dutse yadda ya gan shi zai sami abin rataya a bango, ba abin kaɗawa ba. Ko masana sun taɓa yin tuntuɓe. A 1939 aka tono gutsattsarin wani abin kiɗa a kabarin Sutton Hoo a Ingila, a 1948 aka haɗa shi da siffar da ba tasa ba, sai a 1970 aka gyara. Daga baya aka tono ɗan'uwansa kusan cikakke a Trossingen ta Jamus, na ƙarni na 6. Shi ya sa nake girmama mai sana'ar da zai ce maka "wannan na gani, wannan kuwa na yi kirdado."

Batun ko za ka iya, ina ganin gadon mahaifinka zai fi amfanar ka a kan kafintancinka. Yawancin waɗannan kaya ba harhaɗa su ake yi ba. Gungume guda ake samu, a fitar da kai da wuya da ciki daga gare shi, a rarake cikin kamar akushi, sannan a manna siririn falle na katako mara nauyi a bisa. Wanda ya taɓa ganin yadda ake rarake jikin molo da gizago ya riga ya san rabin aikin. Udu, abin kiɗan Larabawa mai tsirkiya, shi ne ya fita daban, shi da jikansa na Turai, wato lute, da ya ari sunansa daga Larabci: bayansu da siraran fallaye ake ginawa, ana lanƙwasa su da zafi a bisa ma'auni.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne a ɗauko tsarin gogen Turawa na yau a cusa masa, a shafe shi da fenti mai ƙyalli, a ɗaura masa waya. Tsirkiyar wancan lokaci galibi hanjin tumaki ce, a wanke, a kankare, a murɗa, a shanya. Naɗa wa tsirkiya zaren ƙarfe sai wajen 1660 ya bayyana. Muryar hanji siririya ce, tana da ɗan hanci-hanci, kuma kunnen da ya saba da kukuma ba zai ji ta baƙuwa ba.

Ka fara da rebec, jikan rababar Larabawa: tsirkiya uku, jiki kamar an raba gora gida biyu a tsaye. Nemi icen da ya bushe sarai, don ɗanye zai tsage maka da zarar hunturu ya kama. Kana rarakewa kana ƙwanƙwasawa da yatsa, kana sauraron yadda sautin ke buɗewa. Fuskar kada ta wuce milimita 2 zuwa 3. Yi amfani da gam ɗin fata wanda ake narkarwa da ruwan zafi, don in ka yi kuskure za ka iya ɓamɓarewa. Jakin da tsirkiya za ta hau ka ɗan lanƙwasa bayansa, yadda izga za ta iya taɓa kowace ita kaɗai. Izgar kuwa da ƙaron da ake goga mata, je ka wurin mai goge na garinku, zai nuna maka.