Amsa Kan Lissafin Sauyi Mai Jinkiri

Ɗan'uwa daga Jos, ka tambayi dalilin da ya sa dabarar Runge-Kutta, wato hanyar warware lissafin sauyi taku-taku a kwamfuta, take ba ka sakamako mai hawa da sauka a lissafin Hutchinson na 1948 kan yawan halittu, wanda a cikinsa ƙaruwarsu ta yanzu ta dogara da yawansu na wani lokaci da ya wuce; tazarar nan ita ce jinkirin. Irin wannan lissafi ba ya wadatuwa da adadin farko guda ɗaya, sai ka ba shi tarihin dukan tsawon jinkirin. Ka raba lokacin gida-gida daidai da jinkirin, takun lissafinka ya sauka a kan kowace mahaɗar gida biyu, domin a nan santsin layin yake karyewa. Ni dai na fi amincewa da dde23, umarnin warware irin wannan lissafi a manhajar MATLAB. Amma idan ka ninka saurin ƙaruwar halittun da jinkirin, sakamakon ya haura 1.57, hawa da saukar nan gaskiya ce, ba kuskuren kwamfuta ba.