Sabar ajiya ta daskare: RAM ne ko faifai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da sabar ajiya a gida, kwamfuta ce da na haɗa da kaina don ajiye fayiloli, faifai huɗu a ciki, tana aiki da manhajar TrueNAS. Hotunan iyali da takardun aikina duk a kanta suke. Kwana uku ke nan tana daskarewa: fitila a kunne, fanka na juyawa, amma ba ta amsa kowace kwamfuta. Da na jona mata allo sai na ga saƙonnin kuskure, wasu kan RAM, wasu kan faifai biyu cikin huɗun. Na kashe na kunna ya fi sau goma. In sayi sababbin faifai in bar ta ta sake gina kanta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sayi komai tukuna, kuma don Allah ka daina kashewa da kunnawa. Duk lokacin da ka danne maɓalli ka katse mata wuta, faifan da ke da rauni yana shan wahalar tashi daga tsaye, kuma a irin wannan tashin ne da yawa suke tafiya ba dawowa. Kashe ta sau ɗaya, ka bar ta a kashe.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninka shi ne faifai biyu sun fara kuka a mako ɗaya da RAM. Yana yiwuwa su lalace tare, musamman in rana ɗaya aka saye su, amma abin da aka fi gani shi ne cuta ɗaya ce take fitowa ta wurare uku. Duk bayanin da za a rubuta a faifai ko a karanto daga gare shi sai ya bi ta RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta. TrueNAS yana amfani da tsarin ajiye fayiloli mai suna ZFS, shi kuwa ZFS yana lissafa wa kowane guntun bayani lambar tantancewa. In RAM ta juya ɗigon bayani ɗaya a hanya, lissafin ba zai yi daidai ba, sai a rubuta laifin a kan faifan da bai ji ba bai gani ba. Mafi muni, in ɓarnar ta faru kafin a lissafa lambar, za a ajiye gurɓataccen hoto da lambar da ke cewa lafiyarsa lau. Shi ya sa ba na son injin nan ya rubuta ko da harafi ɗaya kafin mu wanke RAM daga zargi.

Daskarewar kanta tana da dalili. A tsarinsa na asali, in ZFS ya rasa hanyar kaiwa ga faifan da yake buƙata, yakan dakatar da karatu da rubutu ya zauna jira, don gudun ɓata maka kaya.

To, fara da RAM. Cire wayoyin faifan huɗun gaba ɗaya, amma kafin nan ka manna wa kowanne takarda da lambar ramin da yake. Saka MemTest86+, manhajar gwada RAM, a filashi, ka tashi injin da shi, ka bar shi ya kwana yana zagaye, aƙalla sau huɗu. Layi ja, alamar kuskure, ko guda ɗaya ya isa hujja. In ya fito, gwada sandunan RAM ɗin ɗaya bayan ɗaya a rami guda, sannan ka ɗauki mai lafiyar ka zagaya da ita sauran ramukan, domin wani lokaci ramin ne ya lalace ko ƙura ta shiga. In ka taɓa kunna XMP, saitin ƙara wa RAM gudu, a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, kashe shi ka sake gwadawa.

Ka kuma koma ka karanta saƙon da ka gani da kyau. In yana cewa RAM ta cika har an kashe wani aiki, wannan ƙaranci ne, ba lalacewa ba. TrueNAS yana son gigabait 8 a ƙalla, kuma manhajojin da ake ɗora masa suna cin nasu. In kuwa yana cewa an gyara kuskure, to RAM ɗinka irin mai ECC ce, wato tana gyara ɗigo ɗaya da kanta tana sanar da kai. Irin wannan in ya yawaita, sandar ta kusa gajiya.

Daga nan sai wuta. Faifai mai inci 3.5 yana iya jan kusan amfiya 2 a layin volt 12 lokacin da yake tashi, huɗu kuma tare suke tashi. Akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta (PSU), in ya tsufa, yakan gaza a nan, sai faifai su riƙa ɓacewa suna dawowa, RAM ma ta rikice. Duba ko faifan biyu masu kuka waya ɗaya ce take ba su wuta, ko ta irin mahaɗin nan mai raba ɗaya zuwa biyu. In haka ne, ka kama bakin zaren. Aron wani akwatin wuta mai lafiya na yini ɗaya ya fi duk wani hasashe.

Sai yanzu za mu mayar wa faifan wayoyinsu mu tambaye su da kansu. Umarnin `smartctl -a` zai nuna maka rahoton SMART na kowanne, wato bayanin lafiyar da faifai ke ajiyewa game da kansa. Lamba 5 tana ƙirga sassan da suka mutu aka maye gurbinsu, 197 waɗanda aka kasa karantawa ake jira, 198 waɗanda suka ƙi gyaruwa. In waɗannan sun bar sifili, balle suna hawa, faifan ne da kansa. Amma in 199 ce kaɗai take da adadi, matsalar tana tsakanin faifai da babban allon da sassan kwamfuta ke jone a kai (motherboard): canza wayar SATA da ke haɗa su. Wannan lambar ba ta komawa sifili, saboda haka rubuta adadin yau ka ga ko zai ƙaru gobe. Kasa kunne ma. Ƙarar ƙas-ƙas mai maimaita kanta alama ce ta cewa ɗan hannun da ke karanta bayani a cikin faifan ya samu matsala. Cire wa wannan faifan wuta nan take, aikin masu ceto bayanai ne.

Game da sake ginawa, ba ka faɗa mini tsarin haɗa faifan da ka zaɓa a ZFS ba. RAIDZ1 faifai ɗaya kawai yake jure rasawa, RAIDZ2 biyu. Sake gini yana tilasta wa sauran faifan karanta duk abin da ke kansu na awanni masu yawa, kuma in RAIDZ1 ne da faifai biyu masu rauni, na biyun zai iya faɗuwa ana tsakiyar aiki ka rasa komai. Don haka bayan RAM da wuta sun tabbata lafiya, buɗe ma'ajiyar, wato haɗin faifan huɗun, a yanayin karatu kawai da `zpool import -o readonly=on`, ka kwashe hotunan iyali da takardun nan zuwa wani faifai na waje, mafi muhimmanci da farko. In ta ƙi buɗuwa, kwafi faifan mai rauni zuwa sabo da GNU ddrescue, shirin ceto bayanai wanda yake fara ɗebe wuraren da ke da sauƙi kafin ya koma kan masu wuya, yana kuma ajiye taswirar inda ya tsaya.

Sai kayanka sun samu wuri na biyu za ka sa sabon faifai, ɗaya a lokaci guda, ka jira ginin ya kammala, `zpool status` ya nuna sifili a ginshiƙansa uku na kuskure (READ, WRITE da CKSUM), kafin ka taɓa na biyun.